Makullin Saƙo a Ƙasar Mafara

A watan Maris na 1903, da sojojin Turawa suka shiga Sakkwato, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. Wasiƙu ne na Larabci da sarakunan daula suka riƙa aikowa, wasu kan sha'anin mulki, wasu kan labarin Nasara da ke matsowa daga kudu. Daga baya wani Bature mai suna Backwell ya tattara fassararsu, aka buga littafi a 1927. Abin da ya fi jan hankalina game da wasiƙun wancan zamani shi ne yadda ake rarrabe ta gaske da ta jabu. Akwai hatimi a kan takarda, akwai kuma manzon da ya kawo ta, wanda fada ta san fuskarsa, ta san ubangidansa. In hatimi ya yi daidai, manzo kuma sananne ne, sai a yi masa iso. Manzanni irin waɗannan ne ke kai da kawowa tsakanin Sakkwato da Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun. In saƙon na jama'a ne, sankira ya zaga gari da shela. Talaka kuwa ba shi da hatimi, ba shi da manzo. In yana da saƙo sai ya jira ranar kasuwa, ya nemi falke ko wani matafiyi mai bin hanyar, ya faɗa masa da baki, ya haɗa shi da Allah.

Ni malamin makaranta ne a Talata Mafara, kwamfuta nake koyarwa, saboda haka duk wanda akwatin intanet na gidansa ya rikice a unguwarmu, ƙofata yake bugawa. Ina nufin na'urar nan da ake sa wa layi ta watsa Wi-Fi a cikin gida, wadda samari ke kira rauta. Yawanci ba lalacewa ta yi ba. Mai ita ne ya kasa shiga shafin saitinta, don bai san kalmar sirrin ba. Wani ya sa masa, wanin kuma ya yi gaba. A ganina matsalar ta girmi na'urar nesa ba kusa ba. Tun zamanin manzanni mutumin ƙasar nan ya saba makullin saƙonsa na hannun wani, kuma har yau bai saki sabon ba.

Da Turawa suka zauna, sun kawo wayar tangaraho da gidan waya. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Mu bai zo mana ba. A kan titin mota muke, tsakanin Gusau da Sakkwato, don haka wasiƙarmu sai mota ta ƙaraso da ita. Masu karatun allo sun iya rubuta ajami su ba direba hannu da hannu, amma gidan waya adireshin boko yake so a bayan ambulan. Nan sana'ar marubuta wasiƙa ta samu gindin zama, mutum da ɗan teburinsa da alƙalami a inuwa, kana faɗa yana rubutawa. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya ƙara yawan masu iya haɗa baƙi, sai dai bai kai ko'ina ba, balle cikin gidaje wurin mata.

Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, yana da rumfa a kasuwar Talata, yana kuma cikin 'yan tsirarun da suka kama akwati a gidan waya. Makullin akwatin ɗan ƙarami ne, an buga lamba a jikinsa. Ya ɗaure shi da igiyar fata tare da makullin sito, kullum yana cikin aljihun taguwarsa. Akwati ɗaya ne, amma rabin unguwa ke cin moriyarsa. Ɗan da ya shiga soja, da wanda ya tafi cin rani Legas ko Ibadan, da ɗalibin da ke Zariya, duk adireshin nan suke sawa: sunan mai wasiƙa a sama, a ƙasa kuma ta hannun Alhaji, wato mahaifina. In Alhaji ya tafi sayen hatsi ƙauye, wasiƙun unguwa sai su kwanta a akwati har ya dawo, ko da a ciki akwai labarin rasuwa ko takardar kiran aiki. Ba wanda ya taɓa ganin laifinsa, don ba wanda ya san wata hanyar.

Da na yi nisa a firamare, karatun wasiƙun ya dawo kaina. Akwai wata gwaggonmu da ɗanta ke aikin ɗan sanda a kudu. In wasiƙarsa ta zo, sai ta kira ni ɗakinta, ta kori jikoki, ta saki asabari, ta ce, “Karanta man dud abin da yac ce, kak ka rage komi. In ka hita kuma, ka bar shi nan.” Ina karantawa tana kallon bakina, ba ta ko duban takardar. Nakan ji nauyin abin ƙwarai, ƙaramin yaro ya san nawa aka aiko, ya san rigimar da ke tsakanin ɗa da matarsa. In za ta mayar da amsa ni ke rubutawa, in liƙa kan sarki, in kai. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne amana da kusanci. Mai makulli maƙwabcinka ne, kuna sallah sahu ɗaya. Mai karatu ɗan ɗan'uwanka ne, in ya yi surutu ka san inda za ka kai ƙararsa. Da rediyo mai kaset ta yawaita, waɗanda ba su son yaro ya ji sirrinsu sai suka koma ɗaukar murya, a rufe ɗaki a yi gaisuwa da bayani a kaset, a ba alhazai ko direba. Shi ma dai ta hannun wani zai bi.

Madatsar ruwa ta Bakolori ta canza garuruwan nan uku, Mafara da Bakura da Maradun, fiye da kowane aiki a ƙarnin da ya wuce. An fara ta a 1974 a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi kwangilar, aka gama gini a 1978, da niyyar shayar da dubban kadada a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. Leburori da direbobi da magina suka cika gari daga ko'ina, masu aika fasa oda gida suka ƙaru. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, da waɗanda aka baje nasu don yanka magudanai, suka yi ta neman diyya, suka kai ga tare hanyoyi. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadin mamata kaɗan, mutanen ƙauyukan suka ce ɗaruruwa ne, har yau maganar ba ta zo ɗaya ba. Dalili ɗaya ya sa na kawo wannan baƙin tarihi. A ranar, 'yan sanda na da oba-oba, hukuma na da tarho da gidan rediyo, manomi kuwa ba shi da komai sai bakinsa da ƙafarsa. Mai hanyar aika labari shi ya fara faɗin lissafi, nasa kuma duniya ta fara ji.

A 1985 aka raba ma'aikatar gidan waya da tarho gida biyu, NITEL ta ɗauki tarho, NIPOST ta ɗauki wasiƙu. Har zuwa 2001 layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari. Yawancinmu in kira ya zama dole, Gusau muke zuwa ko Sakkwato, a bi layi, a ba ma'aikaci lamba a takarda, shi zai juya, shi zai ce lokaci ya cika. Lambar Sakkwato 060, ta Gusau 063, 'yan zamanina ba su manta ba. A ofisoshi da gidajen masu hali kuwa akwai ɗan kwaɗo da ake maƙala wa faifan lambobin tarho, a kira ka ka amsa, amma kai ba ka iya kira. Makullin na aljihun maigida ko babban akawu. Ko da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, haka abin yake.

A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, minti ɗaya naira 50, layi kuwa ya kai naira 20,000 a farkon lamari. Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Sabis ya fara da manyan birane, sannan ya biyo titi ya iso mu. Aka kafa lema da teburi a bakin tasha, ka biya ka yi kira, mai wayar na tsaye yana kallon agogo, yana kuma jin duk abin da kake faɗa. Garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamnan Zamfara, ni kuma da su nake riƙe lissafin zamunan. Salula ta zo Ahmad Sani Yariman Bakura na kan mulki. Waya mai shafawa da intanet ta cika hannun matasa a shekarun Abdul'aziz Yari, ɗan Mafara, daga 2011 zuwa 2019. Katsewar sabis da zan zo kanta ta faɗo zamanin Bello Matawalle na Maradun.

Da waya ta shiga kowane aljihu, kamata ya yi al'adar barin makulli a hannun wani ta mutu. Sai ta canza kama kawai.

Kwalejin kimiyya da fasaha da aka kafa a Talata Mafara a 1992, zamanin Gwamna Yahaya Abdulkarim na tsohuwar Jihar Sakkwato, kwalejin da yanzu ke amsa sunan Abdu Gusau, ta tara ɗalibai. Ɗalibai kuma suka jawo shagunan buga takardu da kafen intanet. Da JAMB da WAEC da NECO suka mayar da rajista da duba sakamako kan intanet, duk gida mai ɗan sakandare sai da ya bi ta kafe. Na ga yadda ake yi da idona. Yaro ya taso daga Maradun ko wani ƙauyen Bakura da kuɗinsa a ƙulle, mai kafe ya ce sai da imel, yaro ya ce ba shi da shi. Nan take a buɗe masa, a sa kalmar sirrin da aka ga dama, wani lokaci ma mai shagon lambar wayarsa zai sa a gurbin ta yaron don sauri, ga layi ya yi tsawo, ga janareto na shan mai. Yaro ya karɓi takardarsa ya tafi yana godiya. In wata shida ya zagayo za a sake shiga, kafe ya tashi, ko yaron shagon ya koma Kano. Haka aka buɗe wa mutane da yawa Facebook. Haka tsofaffi ke miƙa katin banki ga mai POS, su faɗa masa lambobi huɗun da ƙarfi a gaban jama'a. Amanar da suka saba ba Alhaji mai akwati suka ɗauka suka ba wanda ba su san gidansu ba. Ban ce masu shagunan macuta ne ba, akasarinsu taimako suke yi da zuciya ɗaya. Bambancin shi ne Alhaji ba ya tashi daga unguwa, lambar akwatinsa kuma ba ta canzawa.

Shekarar 2021 ba mai mantawa da ita a nan. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙasar Maradun. Gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma nemi a katse sadarwa don a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. Ranar 3 ga Satumba NCC ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a faɗin jihar. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido musu.

A watannin nan tasha ta koma gidan waya. Mutum ya yago falle daga littafin ɗansa, ya rubuta wasiƙa, ya ninke, ya sa lambar wanda za a kira a baya, ya ba direban Sakkwato. In mutum ɗaya zai shiga birni, sai 'yan unguwa su tara masa wayoyi a leda, kowace da 'yar takarda a ɗaure da roba: lambar buɗe waya, lambar banki, sunan wanda za a tura wa kuɗi, saƙon da za a faɗa wa wane. Ya tafi da sirrin gidaje a aljihu, ya dawo ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da amsa. Ba wanda aka koya wa yadda za a yi. Tsofaffi sun san hanyar tun fil azal, yara suka bi bayansu. Na yi alfahari da amanar da na gani a lokacin, na kuma ji tsoro, domin lambar banki ba wasiƙar gaisuwa ba ce.

A lokacin ne wani dattijo ɗan fansho ya kawo mini rautarsa a naɗe cikin tsumma. Ya san an kashe sabis, amma ya ɗauka ita daban take, tunda ɗansa ya ce masa Wi-Fi ce. Ya ce, “Malam, wagga aba ta mutu ko? Waya na nuna ta kama ta, amma ba ta buɗa komi.” Na jona ta, na haɗa wayata da ita, na buga adireshin da ke rubuce a ƙasanta, shafin saiti ya fito tsaf yana neman suna da kalmar sirri. Na ce, “Baba, lahiyatta lau. Turken da take jawo sabis ne anka kashe.” Ya yi mamakin yadda shafi ya buɗe alhali duk jihar ba intanet. Dalili kuwa, shafin ba a Legas yake ba, ba a Amurka yake ba, a cikin cikin na'urar yake. Na tambaye shi kalmar sirrin, ya ce yaron da ya sayar masa a Gusau ne ya sa. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Babban makulli, na turke da lasisi, ba namu ba ne, an nuna mana haka ƙarara a wannan shekara. Amma ƙaramin, na abin da ka saya da kuɗinka ka ajiye a kan teburin ɗakinka, wannan ba hukuma ce ta karɓe ba, mu muka bayar da hannunmu.

Kuma abin ba shi da wuyar da ake zato. Kowace rauta makulli biyu gare ta. Na farko kalmar sirrin Wi-Fi, wadda kake ba iyali da baƙo su hau intanet. Wannan kamar ƙofar zaure ce, kowa na gida ta nan yake bi. Na biyu kalmar shiga shafin saiti, ita ce turakar maigida, daga can ake canza kwaɗon zauren, a ga wa da wa ke ciki, a kori wanda ba a gayyata ba, a duba abin da ya rage na data. Da yawa cikin masu zuwa wurina ta farkon suke ta bugawa a gurbin ta biyun.

Adireshin shafin lambobi ne kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Tun tsakiyar shekarun 1990 masu tsara ƙa'idojin intanet suka keɓe lambobin da suka fara da 192.168 don amfanin cikin gida da ofis kawai, shi ya sa rautarka da ta maƙwabcinka za su iya zama da adireshi ɗaya ba tare da rikici ba. Wasu 192.168.0.1 ne, wasu 192.168.1.1, na kamfanin Huawei masu ɗaukar layi galibi 192.168.8.1. Yana rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar, tare da sunan shiga da kalmar da ta zo da ita daga kamfani. In 'yar ƙaramar nan ce ta aljihu, MiFi, sau da yawa sai an cire murfi da batir za a gani. Zafinmu da ƙurarmu na cinye rubutun takardar, yara kuma na ɓanɓare ta, don haka ranar da ka saya ka ɗauke ta hoto.

In shafin ya ƙi fitowa sam, yawanci daga waya ne. Ko dai ba ta haɗe da Wi-Fi ɗin rautar ba, ko ta ga ba intanet a ciki ta zame ta koma datar layinta ba ka sani ba. A kashe data, a kashe VPN in akwai. Tun da aka dakatar da Twitter a Yunin 2021 samari da yawa suka sa shi a waya suka manta. A buga lambobin a layin adireshi na saman burauza, a tabbatar ɗigo ne tsakaninsu ba waƙafi ba. In har yanzu shiru, a shiga bayanan Wi-Fi ɗin a saitin waya, akwai inda aka rubuta gateway, lambar da ke gabansa ita ce adireshin gaskiya. Wani lokaci burauza kan yi gargaɗin cewa shafin ba amintacce ba ne. In ka tabbata lambar ta rautarka ce, wuce abinka.

In kuwa shafi ya fito amma ya ƙi karɓar kalma, a duba manya da ƙananan baƙaƙe. Waya na da halin mayar da harafin farko babba da kanta, admin ta zama Admin, na'ura kuma ta ce ba ta san zancen ba. Kada a yi ta cusa kalmomi da ka, don da yawansu in an kuskure sau kaɗan sai su rufe na wani lokaci. In kalmar jikin takarda ba ta yi ba, to an canza ta, a nemi wanda ya canza tun ana iya samunsa.

In an rasa shi, saura hanya ɗaya. A jikin rauta akwai 'yar kafa da sai tsinke ke shiga. Tana kunne, a sa tsinken cire layi ko fil a danna, a riƙe wajen daƙiƙa goma har fitilu su ɗauke su dawo. Komai zai koma yadda ya fito daga kamfani: sunan Wi-Fi, kalmarsa, da kalmar saiti. Amma duk saitin da aka taɓa yi ya tafi ke nan. Wayoyin gida duka sai an sake haɗa su. In kuma rautar wani kamfani ce aka buɗe ta don ta ɗauki layin wani, mai yiwuwa sai an sake shigar da saitin APN kafin intanet ta dawo. Ni ba na danna wa kowa sai na ga takardar ƙasan tana karantuwa, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

Wanda ya danna ya bar ta a kan admin da admin bai gama aiki ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi duniya tana gwada kalmomin kamfani wajen sittin a kan kyamarori da rautoci, ta kama dubban ɗaruruwa, aka yi amfani da su a watan Oktoba aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Bayan haka jihar Kalifoniya ta hana sayar da na'ura mai kalmar sirri ta bai-ɗaya daga 2020, Birtaniya ta bi sahu a Afrilun 2024. Shi ya sa sababbin rautoci da yawa ke tilasta maka sa taka kalmar a shigar farko. To, a nan ake yin ɓarnar. Shigar farkon a shago ake yin ta, mai shago ke riƙe da waya, shi ke sa abin da ya zo masa a ka. Tsarin da aka yi don makulli ya zauna hannun mai kaya, a kasuwarmu sai ya miƙa shi ga mai sayarwa. Layin da ke ciki ma sau da yawa da sunan wani aka yi masa rajista. Da aka ce a haɗa kowane layi da lambar NIN daga Disambar 2020, nan wasu suka gano layin da suka daɗe suna zuba wa kuɗi ba nasu ba ne.

Mu a nan ba Mirai ce ta fi damunmu ba, datar wata ce da ke ƙarewa cikin mako. Tun 2019 wayoyin Android ke iya nuna kalmar Wi-Fi a ɗan hoton da wata waya za ta ɗauka ta hau. Ɗanka ya ba abokinsa, aboki ya ba majalisa, kafin ka farga samarin layinku na zaune a gindin katangarka da dare. Ga mai iya shiga shafin saiti, maganin bai wuce minti biyu ba. Wanda ba ya iyawa sai ya yi ta sayen data yana zargin kamfani. Ga shi kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma tiransifa da POS, rauta ta fita daga kayan ƙawa ta shiga kayan sana'a. A Janairun shekarar ne Starlink ta fara aiki a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Ita ba ta bi ta turke, da manhaja da imel ɗin mai rajista ake sarrafa ta. Wanda ya bari dillali ya yi rajistar da nasa imel, ya faɗa matsalar yaron kafe ne, sai dai kuɗin da ya zuba ya ninka nesa.

Roƙona ga 'yan'uwana masu sayar da waya da rauta a Mafara da Bakura da Maradun, da na Gusau da ake saro kaya wurinsu: in kun sayar, ku miƙa wa mai kaya wayar ya buga kalmar da hannunsa. In bai yi boko ba, ku rubuta masa duka biyun a bayan rasit, ku nuna masa wacce ce ta Wi-Fi, wacce ce ta saiti, ku ce ya kai wa ɗansa ko 'yarsa su canza a gida. Layin ma ku yi rajistarsa da sunansa. Na san wasu na riƙewa ne don kada a dagula saiti a dawo musu da ƙorafi, wasu kuma don a dawo a biya kuɗin gyara. Na farkon uzuri ne, na biyun cin haƙƙi ne. Maigida kuma ya rubuta kalmominsa ya ajiye inda yake ajiye takardun gona da na fili, ya nuna wa uwargida wurin, domin sau da yawa ita ke gida ranar da abin zai rikice. Wanda kuwa tasa ta riga ta rufe masa, ya fara juya ta ya duba ko takardar ƙasan na karantuwa kafin ya sa tsinke.